Injin jirgin ruwa bayan obahol: abinda ke faruwa a awa 20 ɗin farko da dalilin juyen baƙin mai da wuri

Akwai wata gardama da bata ƙarewa tsakanin makanikai da masu inji, duk garejin da ka zauna a Sabon Gari ko Kwangila sai kaji irinta. An sauke inji an masa obahol, an sa sabon fistin da ringi da gasket, an biya kuɗi masu ciwo, bayan wata biyu sai ga inji yana hayaƙi yana shan baƙin mai, ƙarfi ya ragu, mai inji yazo yana cewa oga jabun kaya ka samin, makanike kuma yace Alhaji kai ka kashe abinka da hannunka. Wani lokacin da gaske kayan ne jabu, wani lokacin aikin ne bai yi ba, amma sau da yawa ɓarnar a awannin farko bayan an tada injin take faruwa, lokacin da makanike ya riga ya karɓi kuɗinsa ya sallame ka, kai kuma kana ganin ai gyara ya ƙare. Toh gyara bai ƙare ba. Sauran aikin a cikin injin yake faruwa yana tafiya, kuma wanda ke riƙe da totur shi ke ƙarasa shi ko ya lalata shi.

Nasan wani zai ce mu a Zariya ina ruwanmu da injin jirgi, kwalekwalen da ake gani a Galma da dam ɗin Shika ai galibi da hannu ake tuƙa su. Haka ne, amma muna da 'yan uwa masu sana'ar fito da kamun kifi a Shiroro da Yawuri da yankin Kainji, kuma injin ban ruwan da manoman rani ke ja a bakin Galma wajajen Dakace, irin su Honda GX160 da 'yan Chana masu kama dashi, dokar da ke kan injin jirgi ita ce a kansu. Na zaɓi na jirgi ne sabida shi kuskurensa yafi tsada. Mota in ta mutu a hanyar Kano sai ka gangara gefe ka kira makanike, jirgi in ya mutu a tsakiyar ruwa da mata da yara da kaya a ciki, ga igiyar ruwa tana jan ku, babu gefen da za'a gangara.

Bari mu fara da cikin silinda. Idan aka yi borin, wato aka ɗan faɗaɗa ramin silinda, ko aka goge silinda da dutsen gugar nan, bangon baya fita sumul, kuma da gangan ne. Ka haska tocilar waya a ciki kafin a zura fistin, zaka ga wasu siraran layuka sun gitta juna ko'ina a bangon, in ka shafa da yatsa zakaji ɗan kaushi kaɗan. Kowane layi yana da ɗan tudu da ɗan kwari. Shi kuma sabon ringi duk kyansa bai san wannan silindar ba, wani wuri yana taɓa bango wani wuri akwai ɗan rata da ido baya gani. A awannin farko ringin ke cinye kan tudun nan a hankali har shi da bangon su dace, kwarin kuma ya rage yana riƙe ɗan mai da zai dinga shafa ringin har ƙarshen rayuwar injin. Wannan shine ronin ɗin da makanikai ke faɗa, kuma sau ɗaya ake samun damarsa, in kaushin nan ya tafi ringi bai zauna ba shikenan sai an sake kwancewa.

Abinda da yawa basu sani ba shine me ke danna ringin a jikin bango. Mutane na ɗauka tsaurin ringin ne, wato yadda yake buɗewa in ka matse shi da hannu. Wannan kaɗan ne. Babban abin shine ƙarfin wutar da ke tashi a saman fistin, iskar nan mai zafi tana zagayawa ta bayan ringi na sama ta tura shi waje ya manne da bango. Kenan in inji baya jan kaya turawar bata da ƙarfi, ringin sai dai ya dinga shafa bangon sama-sama.

Anan ne al'adar garejinmu take cutar da mutane, kuma wallahi da kyakkyawar niyya ake yinta. A gama haɗa inji, a rataya shi a bakin duro mai ruwa, a tada shi a barshi a silo, wato yana juyi a hankali ba'a taɓa totur ba, tun hantsi har la'asar wai yana ronin, wani ma ya ce gobe a sake. Minti goma na farko a silo daidai ne, inji ya ɗumama, mai ya zagaya, a duba yoyo, a saurari ƙara. Amma awanni a silo babu kaya, ringi baya samun turawa, zafin injin bai kai inda ake so ba, man da bai gama ƙonewa ba yana daskarewa a cikin kwarin nan ya cike su har bango ya koma yana sheƙi. In ka buɗe irin wannan injin zaka ga silindar tana walƙiya kalar ruwan zuma-zuma, mai shi ma har yaji daɗi yace ai kalli yadda tayi kyau, alhali ta lalace kenan. Daga nan inji zai dinga shan mai, hayaƙi shuɗi, kwamfireshan, wato matsin iskar da ke cikin silinda, yayi ƙasa, kuma babu wani maganin gwangwani da zaka zuba ya gyara.

Ɗaya gefen kuma sune masu gaggawa. An kawo inji ranar Alhamis, Juma'a ranar kasuwa ce, mutum ya ci bashi yayi gyaran yana so ya fara maida kuɗi, sai a loda buhunan masara da babura da mutane har jirgi ya kusa shan ruwa a baki, a murɗe totur har ƙarshe a riƙe shi haka na awa guda. Ni bana zagin mai yin haka don nasan matsin da yake ciki, amma ga abinda ke faruwa: wuraren da ringi ke taɓa bango 'yan kaɗan ne tukuna, duk gugar a kansu take taruwa, zafi yayi yawa a wurin har ɗan man da ke tsakani ya ƙone, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Fistin kuma alminiyam ne, yafi bangon silinda saurin kumbura da zafi, ga sabon aiki dama a matse yake. In anyi sa'a ya kankare bango kawai ya bar zane, in ba'a yi sa'a ba ya kama cak. Garin neman gira an rasa ido.

Kuma injin jirgi ba kamar na mota yake ba ta wajen wahala. Mota tana da giya huɗu ko biyar, tana samun gangara ta huta, tana tsayawa a danja. Jirgi giya ɗaya ce ta gaba, ruwa kuma baya sakin farfela ko na daƙiƙa ɗaya, kana sakin totur jirgin zai lafa. Sannan nauyin da farfela ke ɗorawa inji yana hawa da sauri fiye da yadda ake zato, in ka ninka juyin inji sau biyu ƙarfin da farfela ke nema yakan ninka wajen sau takwas. Shi yasa rabin totur da cikakken totur a ruwa nisansu yafi yadda hannu ke ji. In kuma farfelar da aka sa tafi ƙarfin injin, ko lodi yayi yawa har inji baya iya kaiwa juyinsa, yana ta gurnani a ƙasa-ƙasa da totur a buɗe, wannan ma kisa ne ga sabon aiki.

Toh ya ake so ayi? Tsarin da Yamaha ke rubutawa a littafin injinansu masu gauraya mai da fetur, irin Enduro ɗin nan da masu fito suka fi amfani dasu, awa 10 ne. Minti 10 na farko a silo. Minti 50 na gaba a shiga giya a tafi amma kar a wuce rabin totur, wajen juyi 3000 a minti. Awa biyu na gaba a iya buɗe masa ya ɗaga jirgin sannan a dawo kashi uku cikin huɗu na totur, wajen 4000, ana yi ana canzawa. Sauran awa bakwai ayi tafiya yadda aka saba amma kar a riƙe cikakken totur sama da minti 5 a lokaci ɗaya. Masu baƙin mai a ciki, wato injinan da ake zubawa baƙin mai a wurinsa daban kamar na mota, suma awa 10 ne da ɗan bambanci a lambobin. Abinda nake so a kama a ciki shine canzawar, a hau a sauka, a bashi kaya na ɗan lokaci ringi ya samu turawa, a sassauta ya huce mai ya wanke bangon, a sake. Kar a kafe totur wuri guda ko da a tsakiya ne. Jirgin kuma ya ɗauki kaya daidai misali, mutum biyu uku da ɗan kaya, ba wayam ba kuma ba lodin kasuwa ba.

Ga masu injin gauraya babu wani baƙin mai da ake juyewa a cikin injin, man yana bin fetur ne ya shafa komai ya ƙone. Nasu juyen shine awon gaurayar. A irin waɗannan Enduro ɗin lokacin ronin ana ninka man, 25:1 maimakon 50:1, wato lita ɗaya ta mai a lita 25 ta fetur, bayan awa 10 a koma rabin lita a lita 25. A lita ɗaya ta fetur mililita 40 kenan lokacin ronin, 20 bayansa. Dan Allah a auna, a samu roba mai layi, a daina zubawa da ido ana cewa ai na saba. Kuma a zuba man a ɗan fetur a girgiza ya narke kafin a cika tanki don kar ya kwanta a ƙasa. Man ma nasa daban ne, wanda aka rubuta TC-W3 a jiki, an yi shi ne don injin da ruwa ke sanyayawa. Zuba baƙin man mota a fetur da wasu keyi sabida araha yana barin toka da gawayi a kan fistin da ramin ringi, ringin ya maƙale tun bai zauna ba. In an gama ronin kuma a koma awon da kamfani ya faɗa, cigaba da ninkawa har abada fulogi kawai yake kashewa yana tara gawayi.

Yanzu maganar masu baƙin mai a ciki, inda aka fi samun musu. Mutum zai zaro ma'aunin mai ya nuna maka yace kalli, man nan ko baƙi bai yi ba, jiya-jiya aka zuba, akan me zan zubar da kuɗina? Amsar ita ce man farko ba tsufa yake yi ba, datti yake kwashewa. Duk tudun nan da ringi ya cinye ina suka tafi? Cikin mai. Ga ɓurɓushin dutsen guga da ya maƙale a layukan silinda, ga giris da man da aka shafa wajen haɗawa, ga guntun gam ɗin gasket da ya tsinke ta ciki, ga zaren tsumma. Sannan in ringi bai gama zama ba fetur da hayaƙi suna zurarewa ta gefensa su sauka cikin mai su tsinka shi, shi yasa wani lokacin zaka ga mai a ma'auni yana ƙaruwa maimakon raguwa, in ka shinshina kaji warin fetur. Filta tana kama manyan, ƙananan suna wucewa su dinga zagayawa ta cikin metal, wato kwanukan ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansu. Ƙananan injina irin GX160 ma basu da filtar mai kwata-kwata, abinda ya shiga yana nan har sai ka juye.

Honda sun ce a juye man farko na GX bayan awa 20 ko wata ɗaya, daga nan duk awa 100. Yamaha ma sabis ɗin farko na masu baƙin mai awa 20 ne sannan duk awa 100. Injinan dizal na jirgi irin Yanmar awa 50 suke cewa. Amma a tuna waɗannan lambobin na injin da aka haɗa a masana'anta ne, a ɗaki mai tsabta da injin wanki. Namu a ina ake haɗawa? A ƙarƙashin bishiya, a kan kwali ko buhu, cikin hunturun Zariya da ƙura ke sauka a kan komai, yaron shago ya wanke bulon inji da fetur a cikin kwano ɗaya da aka wanke kafireta. Don haka ni a nawa ra'ayin, injin da aka yiwa obahol a irin wurarenmu a juye masa mai tun bayan awa biyu zuwa biyar na farko, a sake a awa 20 tare da sabuwar filta in yana da ita, sannan a koma tsarin kamfani. GX160 rabin lita da ɗan ɗoriya yake sha gaba ɗaya. Ka kwatanta kuɗin wannan da kuɗin fistin da ringi da borin da ladan makanike da kwanakin da tumatir zai yi babu ruwa.

In za'a juye a juye inji na da ɗumi, lokacin dattin yana yawo a cikin man bai kwanta ba. Kuma kar ka bari yaro ya tare shi a tsohon galan mai datti, samu faranti mai tsabta ka tara da kanka ka fito dashi rana ka karkata. Zaka ga wani ɗan ƙyalƙyali fari-fari yana yawo a ciki mai laushi sosai, in ka murza a tsakanin yatsu bakajin komai, wannan a juyen farko ba abin tsoro bane, shaidar ringi na zama ce, kuma ya kamata a juye na biyu ya ragu sosai. Abin tsoro shine ɓarɓashin da yatsa ke ji, ko 'yan falle-falle masu faɗi, ko ƙyalli mai kalar jan ƙarfe ko ruwan gwal wanda ke nuna metal ne ke cinyewa. Ka ja maganaɗisu a gindin farantin, abinda ya manne ƙarfe ne daga ringi ko bango ko giya, abinda ke ƙyalli bai manne ba alminiyam ne ko metal. In kaga manyan, ko kaga juye na biyu yafi na farko datti, kar ka sake tada injin, ka ɗauki farantin yadda yake ka kaiwa makanike. In kuma man ya fito kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, a duba gasket ɗin kan inji tun kafin a je ko'ina.

Wane mai za'a zuba? Wanda littafin injin ya faɗa. Honda 10W-30 suke cewa a GX, injin jirgi mai baƙin mai galibi 10W-30 ko 10W-40, dizal 15W-40. Mu nan an saba da SAE 40 da 20W-50 a komai, kuma akwai masu ganin in mai yafi kauri yafi kare inji, amma sabon aiki ratarsa a matse take, mai mai kauri da sanyin asubar hunturu yana jinkirin isa inda ake buƙatarsa. Makanikai da yawa sun fi son man gargajiya, wato baƙin man da aka saba, lokacin ronin a bar sintetik, wato wanda aka haɗa da sinadarai, sai daga baya, wasu kamfanonin kuma da sintetik suke fito da sabbin injinansu, toh wannan ba wurin faɗa bane, na gargajiyan yana yi kuma yafi sauƙin kuɗi tunda za'a zubar dashi da wuri. Abinda nake roƙo a gujewa biyu ne: man kwalba na bakin titi da ba'a san asalinsa ba, da kuma maganin nan mai kauri da ake ƙarawa a mai wai don ƙarin santsi. Inji mai ronin yana buƙatar ɗan gugar nan, in ka hana shi ka hana ringi zama.

Akwai man da kusan kowa ke mantawa dashi, na giyar ƙasa kusa da farfela, kuma wannan ya shafi masu gauraya da masu baƙin mai duka. SAE 90 ake zubawa. In an taɓa giyar ko an canza sil, wato robar da ke hana ruwa shiga, a wajen gyaran shima a juye shi da sabis ɗin farko. Noti biyu ne, na ƙasa a injina da yawa yana da maganaɗisu a bakinsa, ɗan baƙin gari mai laushi a kansa ba komai, guntayen ƙarfe kuma matsala ne. Ta ramin ƙasa ake ɗura sabo har sai ya ɓullo ta na sama, a toshe na sama tukuna sannan na ƙasa, da sabbin wosha. In tsohon ya fito fari ruwa na shiga ta sil, kuma sau da yawa zaren koma ko na ƙugiya ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke shi, don haka a cire farfelar a duba.

Ruwan sanyaya inji kuma ido baya barinsa duk tsawon ronin. Fitsarin nan da inji keyi ta baya, wato ɗan ruwan da yake fesowa alamar famfon ruwa na aiki, in ya tsaya ko yayi rauni a kashe nan take. Robar famfon ruwa in aka tada inji a tudu babu ruwa cikin ɗan lokaci kaɗan take ƙonewa, kuma ruwan damina mai yashi yana cinye ta, wanda yayi obahol ya bar tsohuwar roba bai yi lissafi ba. Cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, da ake yi wai ƙasarmu da zafi shima kuskure ne, inji sai ya dinga aiki a sanyaye, wanda ke jawo sheƙin silindar da fetur a cikin mai da muka faɗa.

Sai lissafin awanni, tunda jirgi ba shi da mitar kilomita. Akwai 'yar ƙaramar mita da ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi tana ƙirga awa, in ba'a samu ba a rubuta lokacin tashi da lokacin kashewa a waya ko a ɗan littafi, a bawa yaron jirgi wannan aikin. Kwana uku ba awo bane, wani a kwana uku yayi awa huɗu wani yayi talatin.

Makanikai suma akwai nasu. Bayan guga fetur baya fitar da ɓurɓushin dutse daga layukan silinda, ruwan zafi da sabulu da buroshi ke fitar dashi, a goge da farin ƙyalle mai ɗan mai har sai ƙyallen ya fito fari, a shafa mai nan take kar tsatsa ta kama. A auna ratar bakin ringi a cikin silinda kafin a sa, a rufe inji da leda in za'a tashi sallah ko cin abinci. Kuma oga in ka gama kar ka ce masa kawai Alhaji a dinga lallaɓawa, lallaɓawar ce ke sa ya barshi a silo. Ka faɗa masa awa nawa, totur nawa, awon mai nawa, ka rubuta masa a takarda, ku yi da shi cewa a awa 20 zai dawo ko kai kaje, a duba notocin kai da ratar bawul inda littafin injin ya ce ayi, a kalli fulogi, a kalli man da aka juye tare. Kuɗin wannan dawowar a sa shi cikin cinikin tun farko don kar ya zama abin jayayya.

Man da aka juye kuma a zuba a galan a rufe a kawo gari, akwai masu saye. Kar a tuttular a bakin Galma ko Kubanni, daga dam ɗin Shika ake ɗibar ruwan famfon Zariya, na Kubanni kuma shi jami'a ke sha a Samaru.